Fedar Jita Daga Gwanjon Amurka Zuwa Gummi

Kiɗan jita bai shigo mana ƙasar Zugu ta rediyo ko talbijin ba. Ta wayar hannu ya shigo, a cikin ɗan katin nan da samari ke kai wa masu caji a bakin tasha su zuba musu waƙoƙi. Tsakanin 2009 da 2011, in ka zauna a rumfar mai caji a Gummi ko Anka ko Nasarawar Burkullu, za ka ji wa'azi, ka ji waƙoƙin finafinan Kano, ka ji Ɗanƙwairo da Narambaɗa, can kuma sai wani amo mai kaifi ya ɓullo da harshen Buzaye, ya ja hankalin duk wanda ke wurin. Yawancinmu ba mu san masu kiɗan ba. Sai daga baya na gane cewa ɗaya daga cikinsu Mdou Moctar ne, mutumin jihar Tawa ta Nijar, kuma faifansa na farko, Anar, a nan kusa da mu ya ɗauke shi, a Sakkwato, a 2008. Daga waya zuwa waya kiɗan ya yi ta tafiya har ya kai kunnen Turawa. Bayansa muka ji Bombino na Agadas, muka ji Tinariwen na Mali.

Ni a Sakkwato na fara taɓa jita, lokacin ina karatun malanta. Wani Buzu ne mai gadi a unguwar da na kama haya ya koya mini, da jitar katako wadda tsirkiyarta ɗaya wayar birkin keke ce. Bayan isha'i yakan dafa shayi, ya miƙo mini ita, ya gyara mini zaman yatsu ba tare da yawan magana ba. Da na dawo gida na kama aikin koyarwa, sai na yi adashi na sayo jitar lantarki da ƙaramar amfilifaya a Sabon Garin Kano, duka na hannu. Na jona, na kaɗa, amon ya fito a bushe. Wannan doguwar kuwwa da nake ji a waya, wadda ke ci gaba da shawagi bayan an saki tsirkiya, babu ita. Na kira malamin nawa na gaya masa. Ya ce, “Jita ba ta da laifi. Ka dubi ƙafafun masu wasa, kada ka dubi hannunsu.”

A gaban ƙafafunsu kuwa akwai wasu 'yan akwatunan ƙarfe, yawancinsu ba su wuce tafin hannu ba, masu launi iri-iri. Su ne feda. Waya tana fitowa daga jita ta shiga feda, wata ta fita daga feda ta tafi amfilifaya, mai kiɗa yana tsaye ya taka da ƙafa, amo ya sauya nan take, ya sake takawa ya koma yadda yake. Akwai mai sa wa amo gurnani da kaushi. Wadda aka fi sani ita ce DS-1 ta kamfanin Boss na Japan, mai ruwan lemo, wadda ta fito tun 1978. Akwai mai riƙe abin da ka kaɗa ta maido maka da shi bayan ɗan ƙiftawa, sau ɗaya ko sau da yawa, irin farar DD-3 ta 1986. Akwai mai lilo, Cry Baby, wadda ake dannawa gaba da baya ta sa jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa. Jimi Hendrix ya yi suna da irinta. Sababbinsu sun fi ƙarfin albashin malamin makaranta, kuma ko a Kano ba kowane shago ke ajiye su ba, sai dai a yi maka oda daga kasuwar Alaba ta Legas, ba ka da tabbacin ta asali za a kawo maka ko jabu. Amma an ƙera su don a yi ta takawa shekara da shekaru, shi ya sa tsohuwa ba ta kasa sabuwa da komai ba in ba fenti ba. Wannan ne ya kai ni gwanjon intanet.

A watan Yunin 2014 PayPal ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar biyan kuɗi, mutum ya haɗa katinsa na banki ya sayi kaya a waje. Dala tana wajen naira 160 zuwa 170 a lokacin. Na buɗe shafi a eBay a wayata, na rubuta sunan fedar da nake nema, sai ga su jere, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Mai kaya yana ɗora hoto, ya faɗi farashin farawa, ya yanka wa'adi, galibi mako ɗaya. Kai mai saye ba sai ka zauna kana ƙara tayi kaɗan-kaɗan ba. Za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta ɓoye shi, ta riƙa taya maka da ɗan ƙari duk lokacin da wani ya ɗara ka, har ta kai iyakarka ta tsaya. A kasuwarmu mai kaya ne ke cewa albarka ko ya sallama. A can agogo ne ke sallamawa, kuma ba ya jiran kowa. Shi ya sa gogaggun masu saye ba sa nuna kansu da wuri. Suna bari sai saura daƙiƙa kaɗan su jefa tayinsu, yadda abokin takara ba zai samu sukunin ramawa ba.

Wahalar wannan dabara a Gummi biyu ce. Ta farko lokaci. Wanda ke Kalifoniya ya sa gwanjonsa ya ƙare da shida na yammacinsu, a wurinmu biyu ne ko uku na dare. Ta biyu sabis. Da rana shafi ɗaya sai ya daɗe yana juyawa bai buɗe ba, amma cikin dare, da gari ya yi barci, layi yakan sake. Nakan saita ƙararrawa, in tashi in yi alwala in yi nafila, sannan in fita tsakar gida inda sabis ya fi kamawa, in zauna a kan turmi da bargo lokacin hunturu, ina kallon lambobi suna raguwa. An sha ƙwace mini kaya a daƙiƙar ƙarshe, na kuma ƙwace na wasu. Doka ɗaya na kafa wa kaina tun farko: kafin dare in rubuta iyakata a takarda, in haɗa da kuɗin aike, in nuna wa maiɗakina, domin kuɗin daga bakin tukunyarmu yake fita. Abin da ke takardar nan shi nake tayawa, ko da zuciya tana cewa ƙara dala ɗaya. Tsohuwar DS-1 a lokacin tana tashi tsakanin dala 30 da 40, DD-3 kuwa kusan ninki biyu.

Mutane sun ce mini wannan cinikin biri a sama ne, kuma ba su yi ƙarya ba, domin ba ka taɓa kayan ba, ba ka ji amonsa ba. Sai dai akwai abin dubawa. A gefen sunan kowane mai kaya akwai shaidar waɗanda suka taɓa saye a hannunsa, ana ganin mutum nawa suka yaba, nawa suka koka. Na koyi neman hoton ƙasan fedar, inda takardar ƙira take, da hoton ɗakin batir. In ka ga fari ko koren gari a bakin wayar batir, to batir ya taɓa fashewa a ciki, ƙila ruwansa ya ci allon. In mai kaya ya rubuta cewa bai gwada ba, ka ɗauka matacciya ce ka taya da farashin matacciya. Na lura kuma wanda ya faɗi aibin kayansa da kansa, ya ce ga tabo a nan, ga maɓalli ɗaya yana ƙara, shi ne ya fi cancantar a yarda da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne layin da nake yawan gani a ƙasan talla, cewa ba a aika kaya Najeriya. Na san dalili. 'Yan damfara ƙalilan sun shafa wa mutum miliyoyi baƙin jini, har malamin da ya tara kuɗinsa da alli da allo sai ya nemi mai tsaya masa. Wani abokin karatuna da ke aikin jinya a Amurka shi ya ba ni adireshinsa. Kaya su sauka a gidansa, ya tara su, in ya samu mai zuwa gida ko masu jigila ya haɗo da su zuwa Kano. Ban manta da wani dattijo da na ci gwanjon farar fedarsa ba. Da na gaya masa inda za ta ƙare, sai ya tambaye ni wane irin kiɗa ake yi a garinmu, ya kuma saka gajerun wayoyi biyu kyauta a cikin kwalin.

Daga Kano kuwa babu rasit, babu lambar bin sawu. Ƙanena ya kai kwali tasha, ya rubuta sunana da lambar wayata a jiki, ya ba direban Gusau. Na Gusau ya miƙa wa na Gummi. Mota ta karya kwana a Mayanci, ta bi ta Anka, ta wuce Daki Takwas, kafin magariba yaron mota ya kira ni in zo in karɓi saƙo in ba da na goro. A duk shekarun nan ko wayar jona ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannun direbobin nan ba. Ina faɗin wannan da alfahari, domin waɗanda suka ƙi aiko mana da kaya ba su san akwai irin wannan amana a hanyarmu ba.

Feda ba ta zauna lafiya a ƙasarmu sai da taimakon wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa, wanda kowa ke kira Baba. Ranar da na fara kai masa ɗaya, ya juya ta, ya kwance kusoshi huɗu na ƙasa, ya daɗe yana duban allon da gilashinsa. Ya ce, “Malam, waɗanda sunka yi wanga abu ba su yi ha'inci ba. Dubi yadda anka jera shi.” Bai taɓa ganin feda ba, amma ya san aikin kowace 'yar ƙwayar da ke ciki. Shi ya gano cewa ƙurar hunturu ce ke shiga maɓallan murɗawa ta sa su ƙarar yashi, ya riƙa wanke su. Shi ya faɗakar da ni cewa adaftar Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, ka jona ta kai tsaye ta ƙone. Wani saurayi a Anka haka ya rasa tasa. Ya kuma auna ya nuna mini cewa ramin wutar fedar Boss a juye yake da na yawancin kayan gida, saboda haka adaftar rediyo mai ƙarfin 9 ba lallai ta yi ba sai an juya wayarta. Da yake DD-3 tana shanye batir kafin a gama zama ɗaya, wutar gari kuma sai an gan ta, Baba ya haɗa mini ɗan akwati da ke sauko da wutar batirin babur zuwa 9. Har yau da shi nake aiki.

Duk lokacin da ya gama liƙi da dalma, sai ya tashi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa goro. Ya ce da can ba ya yi. Abin da ya faru a 2010 ne ya koya masa, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. A yankinmu ba wanda bai san gidan da aka yi wannan rashi ba.

Abin da ya sa nake ganin kuɗin nan ba su tafi a banza ba ya faru ne da kakar 2017. Ina da kawu, yayan mahaifiyata, makaɗin garayar maharba, a wani ƙauye kusa da Zugu. Tun ina yaro nake jin sa, kuma duk abin da yatsuna ke nema a jita, in na bi sawunsa, a garayarsa nake tarar da shi. Aka yi suna a gidan wani maharbi, aka gayyace shi, ni ma na ɗaura kayana a babur na tafi. A cikin kayan akwai ɗan faifai mai ɗaukar amo irin wanda ake manna wa jitar katako, shi ma a gwanjo na same shi. Bayan la'asar na durƙusa na ce, “Kawu, ina roƙon alfarma, a bar ni in manna wannan a fatar garaya.” Ya dube ni, ya dubi abin. Ya ce, “Ba ya huda ta?” Na ce ba ya hudawa. Ya ce, “To manna, ɗan ƙanwata, mu ji.”

Na fara da mai ruwan lemo. Ya kaɗa sau biyu ya ɗaga hannu. “Kashe wagga. Garayata tana da nata.” Gaskiya ya faɗa. A ƙarshen wuyan garaya akwai ɗan ƙarfe mai zobba da ke karkarwa duk lokacin da aka bugi tsirkiya, shi ke ba ta wannan kaushin da ke tayar da tsikar maharbi. Abin da injiniyoyin Japan suka zauna suka ƙera da lantarki, maƙeran ƙauyenmu sun daɗe da ƙera shi da guduma. A wurin na gane dalilin da ya sa kiɗan Buzaye bai taɓa yi mana baƙunta ba: kunnenmu bai saba da amo sumul ba, mun fi son wanda ke da ƙaiƙayi a jikinsa.

Da na taka farar kuwa, sai ya tsaya. Ya kaɗa gaɓa ɗaya, ta dawo masa. Ya sake, ta sake dawowa. Ya ce, “Ashe ɗan amshi ka kawo min cikin gwangwani.” Jama'a suka yi dariya, shi bai yi ba, kunnensa na kan lasifika. Ya ce amshin yana makara, in matso da shi. Na murɗa. Ya ce na wuce, in koma kaɗan. Haka muka yi ta yi har maimaicin ya faɗa daidai kan bugun cakin da yaronsa ke kaɗawa. Daga nan ya rage yawan bugunsa, yana barin gurbi, fedar tana cike masa, kiɗan mutum ɗaya ya koma kamar na mutum biyu da suka shekara suna wasa tare. Ni da na karanta bayanai a intanet ban taɓa tunanin a yi amfani da ita haka ba. Dattijon da bai san boko ba ya gano shi kafin rana ta faɗi. Wani tsohon maharbi ya miƙe ya yi kirari, aka buga bindigar toka sama, mata suka yi guɗa daga cikin gida. An tashi kafin isha'i, kamar yadda aka saba tun bayan da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 kiɗan dare ya ja baya. A hanyar raka ni Kawu ya ce duk taron da aka kira shi in zo da farar, in bar mai ruwan lemo a gida.

Mun yi hakan na ɗan lokaci, a ƙauyukan Bukkuyum da na Gummi, da rani bayan an kai amfani gida. Sannan abubuwa suka fara tsukewa. Dala ta haura 400 a kasuwar bayan fage tun 2016, bankuna suka yi ta rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, har ya sauko dala 20 a wata a 2022, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Wannan da sauƙi, mai son abu yana iya haƙura. Hanya ce ta gagara. Direbobin da ke kawo mini kwali suka koma tafiya da rana tsaka kawai, suna tambayar juna ko gaba lafiya. Kwalin da ya ƙetare teku ya iso Kano lami lafiya sai ya yi makonni a ɗakin ƙanena, domin ba zan iya roƙon mutum ya sa ransa a hanyar Anka saboda kayan kiɗa ba. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako. Na saka ido a kan wani gwanjo a lokacin, ban ma san yadda ya ƙare ba, kuma ban damu ba, domin abin da ke raina shi ne ban san halin da Kawu yake ciki ba. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kusa 200.

Ƙauyen su Kawu bai shiga cikin waɗanda aka ƙona ba, amma ya watse. Ya iso Gummi da iyalinsa a ƙafa da jaki ɗaya, garayar tana rataye a bayansa cikin buhu. Maharban da yake wa kiɗa wasu sun rasu, wasu sun bazu garuruwa, daji kuma ya fi ƙarfin mai kwari da baka. Babu mai kiran makaɗin farauta a garin da ya cika da 'yan gudun hijira. Sai na riƙa ɗauko shi da hantsin Asabar zuwa zaurena, in manna masa faifan, in jona farar feda, in ajiye waya tana ɗauka. Kafin kowane take yakan faɗi na wane ne, wane daji ya yi suna a ciki, wa ya koya masa shi. Wasu taken ya ce tun rasuwar masu su bai sake kaɗa su ba. Allah ya yi masa rasuwa da daminar 2023. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da muka ɗauka na rarraba wa 'ya'yansa, na kuma ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Tun da dala ta wuce naira 1,500 a 2024 ban sake taya komai ba, kuma ba na buƙata. Waɗanda ke hannuna suna aiki, Baba yana duba su duk bayan hunturu, wasu tsofaffin ɗalibaina biyu suna koyon jita da su. In kai saurayi ne mai sha'awa kuma kana da hali, ka fara da mai maimaita amo, ka nemi hoton ɗakin batir kafin ka taya, ka kai wa mai gyara ya auna maka adafta kafin ka jona.

Roƙona ga mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum shi ne wannan. A cikin waɗanda rikici ya koro garuruwanmu akwai masu garaya da molo da goge da kukuma, suna zaune a kangaye da makarantu ba wanda ya san ko su wane ne. In kun san ɗaya daga cikinsu, ku tambaye shi ko zai yarda a ɗauki kiɗansa. In ya yarda, ku kawo shi ko ku aiko in zo da kayana. Ba na karɓar ko kwabo, kuma abin da aka ɗauka nasa ne da iyalinsa.